Kalmar "Minute" ta Turanci: Asalinta, Ma'anoninta da Yadda Ta Iso Hausa



Ma'aikacin ofis yakan ci karo da kalmar Turanci "minute" sau uku kafin hantsi ya dubi ludayi. Da farko yakan same ta a littafin sa hannu na zuwa aiki, inda aka nuna ya makara da minti goma. Sa'an nan a miƙo masa fayil, shugabansa ya ce ya yi "minute" a kai, watau ya rubuta ɗan gajeren ra'ayinsa. Daga nan a shiga taro, sakatare ya tashi ya karanta "minutes" na zaman da ya gabata. Ɗalibi kuwa yana da ƙarin biyu. A darasin labarin ƙasa ana gaya masa Kano tana kan digiri 8 da minti 31 gabas da Greenwich, alhali ba agogo ake dubawa ba. A darasin kimiyya kuma sai ya ga an rubuta kalmar da haruffan nan shida dai, amma malami ya furta ta "mainyut", ya ce ma'anarta abu ɗan mitsitsi. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi sawun ma'anonin nan biyar har tushensu, domin tushen guda ne, kuma saninsa zai taimaka wajen warware wani rikici da ke cikin Hausar yau, wanda ya shafi littattafan makaranta da sanarwar hukuma.

A Latinanci akwai aikatau "minuere", ma'anarsa a rage abu, a ƙanƙanta shi, ko a daddatsa shi. Daga gare shi aka sami "minutus", watau ƙanƙantacce. Abin lura shi ne wannan kalma siffa ce, tana bukatar suna a gefenta kafin magana ta cika: ƙanƙantaccen me? Duk tarihin kalmar ya rataya ne a kan wannan tambaya. A wani wuri sunan da ke gefenta "yanki" ne, a wani wuri "rubutu", a wani wuri "kuɗi". Da aka daɗe ana faɗa sai bakin mutane ya yar da sunan, siffar ta tsaya ita kaɗai tana ɗauke da ma'anarsa. Hausa ta san irin wannan. "Baƙi" siffa ce ta launi, amma a makarantar allo da nazarin harshe ta zama sunan harafi, ba wanda ke tambaya baƙin me.

Dangin kalmar a Turanci suna da yawa, ambaton kaɗan ya isa. Akwai "minus" na lissafi, da "minor", da "diminish", da "mince" na niƙa nama. "Menu", takardar jerin abinci, ita ce "minutus" bayan ta kwana a bakin Faransawa. Wadda ta fi cancanta ma'aikata su sani ita ce "minister". A wurin Rumawa "minister" shi ne ƙarami, bara mai hidima, kishiyarsa kuwa "magister", babba, wadda ta haifi "master" da ke cikin hedimasta. Bisa asalin kalma ke nan hedimasta yana gaba da minista, ko da yake tsarin albashi bai taɓa yarda da haka ba. Akwai kuma baƙuwa guda da ta shige cikin dangin: "miniature" ta fito ne daga "minium", wani jan launi da marubutan dā ke ƙawata littattafai da shi, kamannin sauti ne ya ja ta ta koma nufin ƙaramin abu.

Ma'anar da ta fi kowace tsawon tarihi ita ce ta yanki ɗaya cikin sittin. Mutanen Babila, a ƙasar da ake kira Iraƙi yanzu, tun wajen shekara dubu huɗu da suka wuce suna rubuta lissafinsu bisa sittin, kamar yadda ake yi yau bisa goma. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado zai gane amfanin haka. Sittin tana ba da rabi, da sulusi, da rubu'i, da humusi, da sudusi, da ushiri, duk ba gutsure; lambobi goma sha biyu ne ke raba ta daidai, goma kuwa huɗu kacal ke raba ta. Subu'i da sumuni da tusu'i ne ke gagarar ta a cikin ƙananan rabe-rabe. Dattawan da suka yi ciniki da sule mai kwabo goma sha biyu, kafin a koma naira da kwabo a 1973, sun san daɗin kuɗin da ke rabuwa sisi-sisi da taro-taro. Amma kada a ɗauka Babilawa sun san minti irin na agogo. Su sun kasa yini da dare kashi 360, kowane kashi daidai da minti huɗu na yanzu. Sa'o'i ashirin da huɗu kuwa daga Masar ta dā suka zo, goma sha biyu na rana, goma sha biyu na dare, suna tsawo suna gajarta bisa ga lokacin shekara.

Masana taurari na Girka su suka ari lissafin sittin, domin nasu rubutun lambobin ba ya jure wa gutsattsari. Babbansu shi ne Batlimus, wanda Turawa ke kira Ptolemy, da ya zauna a Iskandariyya ya kuma rubuta babban littafinsa na falaki wajen shekara ta 150 Miladiyya. A wurinsa da'ira digiri 360 ce, kowane digiri ana kasa shi sittin, kowane kashi kuma a sāke kasa shi sittin. Kashin farko sunansa sittin na fari, na bayansa sittin na biyu, haka nan har na uku da na huɗu in lissafi ya bukata. Alal misali, ya auna karkatar hanyar rana ya sami digiri 23 da kashin fari 51 da kashi na biyu 20. Awon yau kuwa wajen digiri 23 da minti 26 ne. Girkawa suna kuma kiran waɗannan kashe-kashe "lepta", watau sirara, 'yan ƙanana. A nan ne ya kamata a tsaya a lura: minti ya fara rayuwarsa ne a matsayin awon kusurwa a sararin sama. Mintin da ɗalibin labarin ƙasa ke ganin baƙo ne, shi ne ɗan gida. Na agogo daga baya ya zo.

Littafin Batlimus ya shiga Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9. Al-Hajjaj ibn Matar ya fassara shi a zamanin Halifa Ma'amun, daga baya Ishaƙ ibn Hunain ya sāke fassarawa, Sabit ibn Ƙurra ya gyara. Larabawa suka kira shi Al-Majisti, sunan da Turai ta karɓa har yau. Masu fassarar ba su ari kalmar Girkanci ba, ma'anarta suka ɗauka suka nemo mata kalma a harshensu. Digiri ya zama "daraja", watau matakala. Kashin fari ya zama "daƙiƙa", daga saiwar da ke nufin a dandaƙa abu ya yi laushi, saiwar da ta ba Larabci sunan gari da kuma kalmar ƙwanƙwance a awo. Kashi na biyu ya zama "saniya", watau ta biyu, na uku "salisa". Wajen shekara ta 1000 Al-Biruni, cikin littafinsa na tarihin kalandun al'ummai, ya riga ya yi amfani da wannan tsari a kan sa'a, yana ba da lokacin tsayuwar wata da sa'o'i da daƙiƙoƙi da abin da ke ƙasa da su. Ba shi da agogon da zai nuna masa waɗannan. A kan takarda kurum suke.

A Turai kalmar "minutum" tana nan cikin Latinanci tun kafin haka, amma awonta bai zauna ba. Bede, wani malamin kirista na arewacin Ingila, cikin littafinsa na lissafin lokaci na shekara ta 725, ya kasa sa'a gida goma ya kira kowane kashi da wannan suna. Mintinsa ke nan minti shida ne na yanzu. Abin da ya zaunar da awon a kan sittin a hannun malaman Turai shi ne fassarar littattafan Larabci a Andalus cikin ƙarni na 12, musamman a birnin Toledo, inda Gerard mutumin Cremona ya kammala juya Al-Majisti zuwa Latinanci a 1175. Daga nan aka saba da "pars minuta prima", ƙanƙantaccen yanki na fari, da "pars minuta secunda", ƙanƙantaccen yanki na biyu. To, a nan bakin mutane ya yi aikinsa ta hanya mai ban mamaki. Daga jimlar farko aka riƙe kalmar tsakiya, aka sami "minute". Daga ta biyu aka riƙe kalmar ƙarshe, aka sami "second". Saboda haka "second" na agogo da "second" na wanda ya zo na biyu a jarrabawa kalma ɗaya ce. Alamomin da ake sa wa a taswira, karan guda a kan minti, kara biyu a kan sakan, su ma ƙirgen nan suke tunatarwa. Kashi na uku ya ɓace a Turanci, amma Turkawa suna da shi har yanzu, suna ce masa "salise".

Turanci ya karɓi kalmar wajen ƙarshen ƙarni na 14, ta hannun Latinanci da Faransanci. A 1391 mawaƙin nan Geoffrey Chaucer ya rubuta wa wani yaro ɗan littafi kan yadda ake aiki da usturlabi, na'urar auna tsayin taurari, ya kuma rubuta shi da Turanci domin yaron bai yi nisa a Latinanci ba. A cikinsa ma'anonin biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa: digiri yana da minti sittin na kusurwa, kuma rana tana cin digiri guda cikin minti huɗu na sa'a. Masu ganin Hausa ba ta isa a koyar da kimiyya da ita ba sai su tuna Turanci ma ya taɓa zama harshen da ake neman uzuri kafin a rubuta falaki da shi.

Akwai wata ma'ana ta wannan zamani da ta mutu a Turanci. A cikin Linjila akwai labarin wata matalauciya da mijinta ya rasu, wadda ta ba da sadakar 'yan kuɗi biyu mafi ƙanƙanta. Nassin Girkanci "lepta" ya ce, fassarar Latinanci ta ce "minuta", fassarar Turanci ta almajiran John Wycliffe kuwa ta ce matar ta jefa minti biyu. Anini biyu ake nufi. A ƙasar Girka wannan ma'ana ba ta mutu ba: "lepto" a bakinsu yau shi ne minti na agogo, shi ne kuma kwabon kuɗin yuro.

Duk wannan zamani talaka bai san minti ba, ba shi kuma da bukatarsa. Agogunan farko na Turai, na ƙarni na 14, ƙararrawa kurum suke bugawa. Tsohon agogon cocin Salisbury, wanda ake danganta shi da 1386, ba shi ma da fuska. Kalmar "clock" kanta daga sunan ƙararrawa ta fito. Haka abin yake a nan gida: "agogo" a Yarbanci ƙararrawa ce, Bahaushe kuma da ya ce ƙarfe biyu, ƙarfen da ake kaɗawa yake ƙirgawa. Da aka yi wa agogo fuska, hannu guda aka sa masa, na sa'a, domin agogon da kan yi kuskuren rubu'in sa'a a yini ba shi da bakin faɗin minti. Sai a 1656 Christiaan Huygens, mutumin Holan, ya ƙago agogo mai lilo, kuskuren ya sauko zuwa 'yan sakanni a yini. Kafin ƙarni na 17 ya ƙare dogon hannu ya zama ruwan dare a agogunan Ingila. Tsakanin Batlimus da ranar da mutum zai ɗaga kai ya ga minti da idonsa an yi shekara dubu da ɗari biyar.

Jirgin ƙasa ne ya mai da minti doka. Tun da rana na cin digiri guda cikin minti huɗu, kowane gari yana da tsakar ranarsa. Bristol tana bayan Landan da minti goma. Muddin da doki ake tafiya wannan bai dami kowa ba, amma jadawalin jirgi ba ya yiwuwa da agogo iri-iri. Kamfanin jirgin Great Western ya ɗora tashoshinsa a kan lokacin Landan a 1840. Mutanen Bristol ba su saki nasu nan da nan ba, agogon kasuwar hatsinsu har yau yana da dogayen hannuwa biyu, guda na gari, guda na Landan. Dokar 1880 ta sa lokacin Greenwich ya zama na Birtaniya duka, taron Washington na 1884 kuma ya amince a fara ƙirga digirin gabas da yamma daga can. Nijeriya ta zauna a kan sa'a guda gaba da Greenwich tun 1919, watau lokacin da ya dace da digiri 15 gabas, layin da ke wajen iyakarta ta gabas. Shi ya sa rana ba ta tsayawa tsaka a Kano sai wajen minti 26 bayan ƙarfe goma sha biyu, da ɗan ƙari ko ragi bisa ga watan da ake ciki. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai kusan digiri takwas, ke nan wajen rabin sa'a. Mai azumi ya san wannan ko bai taɓa buɗe littafin labarin ƙasa ba: mutumin Barno ya sha ruwa ya yi salla, na Sakkwato yana duban rana tukuna.

An taɓa yunƙurin kashe sittin ɗin. A 1793 gwamnatin juyin juya hali ta Faransa ta kasa yini sa'a goma, kowace sa'a minti ɗari, kowane minti sakan ɗari. Mita da kilo, waɗanda aka haifa a zamani guda da wannan, sun mamaye duniya. Agogon goma kuwa an jingine shi a 1795. Yanzu minti ba shi da awon kansa, daga sakan ake gina shi, sakan kuma tun 1967 da kaɗawar ƙwayar zarra ta sinadarin siziyam ake auna shi, sau 9,192,631,770. Tun da juyawar duniya ba ta bin wannan sau da ƙafa, daga 1972 an riƙa cusa sakan guda jefi-jefi, minti ya zama mai sakan 61. An yi haka sau 27, na baya-bayan nan a daren ƙarshe na 2016, kuma a 2022 taron ƙasashe kan awo ya yanke a bar wannan al'ada nan da 2035. Mintin kusurwa shi ma yana nan yana aiki: mil na teku, mita 1,852, asalinsa tsawon minti guda ne na digirin kudu da arewa.

Reshe na biyu shi ne na ofis, kuma ba ruwansa da sittin. Mafi yawan masana asalin kalmomi suna mai da shi ga "minuta scriptura", ƙanƙantaccen rubutu. A kotuna da fadodin Turai na dā magatakarda yakan fara rubuta magana da ƙananan baƙaƙe, cikin sauri, sa'an nan a kwafe ta da manyan baƙaƙe a kan fata domin a buga hatimi. Na farkon shi ne "minute", na biyun Faransawa suka kira shi "grosse", watau ƙato. Turanci ya sami wannan ma'ana ta daftari wajen shekara ta 1500, ma'anar rubutaccen bayanin taro kuwa wajen farkon ƙarni na 18. Abin da ya biyo baya shi ne daftarin ya ƙwace sarauta. A tsarin shari'a na Faransa, wanda Jamhuriyar Nijar ta gada, "minute" shi ne asalin hukunci da ke ajiye a kotu, duk abin da aka ba masu ƙara kwafi ne daga gare shi. A Nijeriya dokar kamfanoni, ta 1990 da wadda ta maye gurbinta a 2020, ta wajabta ajiye bayanin kowane zama, kuma wanda shugaban taro ya sa wa hannu hujja ne a gaban alƙali. Abin da aka faɗa a taro iska ce ke ɗauke shi, abin da sakatare ya rubuta shi ke zama. Don haka bai kamata a riƙa tura wannan aiki ga mafi ƙanƙantar ma'aikaci don kowa na gudunsa ba, bai kuma kamata a amince da bayanin zaman baya ana hamma ba. Majalisar ministocin Birtaniya ta yi shekaru aru-aru ba ta rubuta bayanin zamanta, sai wasiƙar da firayim minista kan aika wa sarki, har ministoci kan fito su saɓa a kan abin da aka yanke. Sai a Disamba 1916, ana tsakiyar yaƙi, Lloyd George ya naɗa Maurice Hankey ya riƙa rubutawa.

Shi kuwa "minute" na kan fayil, wanda mulkin mallaka ya bar wa ma'aikatun ƙasar nan, misali guda ya isa a ga nauyinsa. A ranar 2 ga Fabrairu 1835 Thomas Macaulay, mamba a majalisar Gwamna-Janar a Kalkata, ya rubuta ra'ayinsa kan gardamar da ake yi: kuɗin ilmi na Indiya, a kashe su kan Larabci da Sanskirit, ko kan Turanci? Ya zaɓi Turanci, yana mai cewa kanta guda na littattafan Turai ta fi dukan abin da Indiya da ƙasar Larabawa suka rubuta, bayan ya amsa da bakinsa cewa bai iya ko ɗaya daga harsunan biyu ba. Gwamna-Janar Bentinck ya amince cikin watan Maris. Takardar da sunanta ke nufin ƙaramin rubutu ta juya harshen karatun miliyoyin mutane. Agogon da ke aljihun Macaulay kuwa, rabon da ke fuskarsa ta cikin littattafan Larabcin nan da ya raina ya ratso kafin ya zauna a Turai.

Siffar nan "mainyut" ba ta da dogon labari. A ƙarni na 15 aka ɗauko ta kai tsaye daga Latinanci da ma'anarta ta asali. Sunan ya daɗe a bakin jama'a, nauyin furucinsa ya koma gaɓar farko, wasalin ƙarshe ya lalace; siffar kuwa ta zauna a hannun malamai, ta riƙe nauyinta a gaɓar baya. Rubutu guda, furuci biyu.

Saura Hausa. Wannan ma'ana ta ƙanƙantaccen yanki ta iso ƙasar Hausa sau biyu, ta ƙofa biyu. Ta farko ƙofar Larabci ce, ta hannun malaman da suka karanci hisabi da falaki. Wannan ilmi ba baƙo ba ne a nan: sa'ad da Clapperton ya ziyarci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824, ya nuna masa kayan awonsa, ya tarar Sarkin ya san buruji da taurari da dama da sunayensu na Larabci. Ta wannan ƙofa "sa'a" da "daraja" da "daƙiƙa" suka shigo. Amma jama'a ba su auna yini da su ba. Asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru da lisha sun ishe su, abin da ya gaza haka kuwa ƙiftawar ido ne. Saboda haka "daƙiƙa" ta zauna a bakin mutane da ma'anar ɗan lokaci ƙanƙane, ba tare da awo tsayayye ba. Ƙofa ta biyu ta Turanci ce, tare da bariki da makarantar boko da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Bahaushe ya ji "minit", ya yar da wasalin tsakiya, ya ƙara na ƙarshe tun da kalmarsa ba ta son ƙarewa da baƙi, ya sami "minti", ya yi mata jam'i mintoci ko mintuna. Mintin da yara ke tsotsa kalma ce dabam, daga sunan ganyen na'ana'a a Turanci. A bakin Hausa kurum suka haɗu.

Da "minti" ya zo ya tarar da "daƙiƙa" zaune, sai ya ture ta ƙasa. Gurbin da ke ƙasa kuwa a buɗe yake, domin Hausa ba ta ɗauki kalmar Larabci ta kashi na biyu ba. Da an are ta bisa hanyar da aka ari Sani da sulusi, da "saniya" za a ce, kuma ba malamin lissafin da zai so ya gaya wa yara akwai saniya sittin cikin minti guda. To, sai mutane da yawa suka ba "daƙiƙa" ma'anar sakan. Wanda ya yi karatun Larabci kuwa bai saki tasa ba, kuma yana da gaskiya, domin a Larabci da Farisanci da Turkanci da Suwahili duka kalmar minti take nufi. Sakamakon haka shi ne a gidan rediyo guda a ji an ce an ci ƙwallo a daƙiƙa ta 80, ana nufin minti, jim kaɗan a ji an ce ɗan tsere ya gama mita ɗari cikin daƙiƙa goma, ana nufin sakan.

A filin wasa mai sauraro yana iya gyara wa kansa. A takardar asibiti ko littafin kimiyya ba haka ba ne. Ma'aikatan lafiya suna cewa a bar ruwan sha ya yi minti guda yana tafasa, a kuma cuɗa hannu da sabulu sakan ashirin. In mai fassara ya sa "daƙiƙa" a duka biyun, uwar da ta ɗauke ta sakan za ta sauke ruwa da zarar ya motsa, wadda ta ɗauke ta minti kuwa za ta ga wankin hannun wauta ne ta bar shi. Kalmar da awonta ke iya ninkuwa sau sittin bisa ga makarantar da mai karatu ya yi ba ta dace da rubutun awo ba. Tsayar da ita a kan ɗaya daga ma'anonin biyu da umurnin hukuma abu ne mai wuya, domin kowane ɓangare yana da dubban masu faɗa da hujjarsa. Abin da ya fi sauƙi shi ne masu rubuta littattafan makaranta, da masu fassarar ma'aikatu, da 'yan jarida, su riƙe "minti" da "sakan" duk inda lamba ta biyo baya, su bar "daƙiƙa" ga waƙa da wa'azi da zance, inda ɗan lokaci kurum ake nufi. Na ofis kuwa ba ya bukatar aro ko kaɗan: abin da sakatare ke karantawa bayanin zama ne, abin da ake rubutawa a kan fayil kuwa tsokaci ne. In aka ce wa masinja ya kawo mintin jiya, yana da hakkin ya tambaya ko na agogo ake nufi ko na tsotsa.